Sun ce sai an kwantar da shi, kuɗin kuma ya fi ƙarfinmu

Tambaya: Salamu alaikum Anti. Ɗana ne mai shekara 16, wata huɗu kenan ya daina zuwa makaranta, baya barci, kullum yana kulle a ɗaki, in an masa magana sai kuka ko faɗa. Mun je wata cibiya ta kuɗi sun ce sai an kwantar da shi wata uku, abin da suka yanka mana ko albashin babansa na shekara ba zai biya ba. Kakarsa kuma tace a kai shi gidan mari yafi arha. Ina da sarƙa da awarwaron gwal, in sayar ne? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Maman yaro, Allah ya bashi lafiya ya sanyaya miki zuciya. Gwal ɗinki ki riƙe shi tukuna.

Abu na farko, wa ya duba yaron nan kafin a ce wata uku? Likitan ƙwaƙwalwa ne ya zauna da shi, ko kuwa a wajen karɓar kuɗi aka faɗa muku? Don gaskiya ba kowane yaro mai damuwa ne ke buƙatar gado ba, da yawa ana basu magani ne su koma gida suna zuwa ganin likita lokaci lokaci, kuma wannan ko kusa bai kai tsadar kwanciya ba. Inda kwanciya ke zama dole shi ne in yana maganar kashe kansa ko ya taɓa gwadawa, ko ya daina ci da sha, ko yana jin muryoyin da ba kowa, ko ana tsoron ya ji wa wani ciwo. In akwai ɗaya daga cikin waɗannan to yau ɗin nan ku tafi asibiti, kada a tsaya lissafin kuɗi.

Ke da kike Zariya ma abin ya zo da sauƙi, asibitin koyarwa na ABU yana da sashen ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. 'Yan Kano suna da Dawanau da asibitin Malam Aminu Kano, Sakkwato akwai Kware, Maiduguri ma akwai na tarayya. Ba kyauta ba ne, za ku yanki kati ku biya gado da magani, amma tsadarsu ba ta kai ta asibitin kuɗi ba. Kuma ki nemi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin, aikinsu kenan duba halin iyalan da basu da ƙarfi, ki zauna ki faɗa musu komai ba jin kunya, mutane da yawa basu ma san da ofishin ba.

Maganar gidan mari kuwa, dan Allah ki lallashi Hajiya da girmamawa amma kar ki yarda. Na san da kyakkyawar niyya ta faɗa. Sai dai ki tuna mata watan Satumba na 2019 da 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa suka fito da mutum sama da 300, har da yara, wasu da mari a ƙafa da tabon duka a baya, bayan nan aka sake samun irinsa a Daura. Yaron da ke kuka shi kaɗai a ɗaki in aka ɗaure shi wallahi ciwon ƙaruwa zai yi, ƙarshe ku dawo asibitin dai da kuɗin da yafi na farko. Addu'a da ruƙiyya ba wanda ya hana, a yi su a gida tare da maganin likita.

In likita ya ce lallai sai gado, ki sa a rubuta muku lissafin a takarda, nawa ne gado, nawa abinci, nawa magani da gwaje gwaje, sannan ki tambaya ko za a iya biya sati sati. Da takardar nan za ki tunkari kawunnansa da gwaggonninsa, mutum yafi saurin sa hannu a aljihu in yaga takardar asibiti, da ita kuma za ki je wajen kwamitin zakka na masallacin unguwarku, in kina adashe ki roƙi uwar adashe ta matso miki da kwasarki. Gwal ɗin nan ki bar shi don bayan sallama, saboda nan ne iyalai suka fi faɗuwa, a kashe komai a kwanciya a fito ba kuɗin magani, yaro ya daina sha ciwo ya dawo sabo.

Tambaya: Anti ni ma'aikacin gwamnati ne ina da inshorar lafiya, ƙanwata mai shekara 15 ce ba lafiya irin wannan, zata iya shiga a kaina?

Amsa: Ƙanina, tsarin ma'aikata na NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, kai da mata ɗaya da 'ya'yanka huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 yake ɗauka, ƙanwa bata ciki kai tsaye. Ka je ofishinsu ka tambayi yadda ake ƙara mutum da biyan kuɗi, ko ka yi mata rajista a hukumar inshorar lafiya ta jiha, KSCHMA in a Kano kuke, KADCHMA in Kaduna ne. Kafin ka biya ko sisi ka sa su nuna maka a rubuce kwana nawa na kwanciya suke biya, da ko maganin da likita ya rubuta mata yana cikin jerin nasu.