Lissafin ɗaukar 'yan ci-rani aiki a lambu

Wani mai lambu a Iyana Iba da ke yankin Ojo a Legas ya rubuto cewa yana son ya kawo samari huɗu daga Maraɗi su yi masa aikin rani, ban ruwa da cirar ciyawa da yankan alayyafo, don ya ji an ce sun fi na gida araha. Yana tambayar nawa zai ware.

Alhaji, wanda ya ce maka araha, albashi kawai ya ƙirga. Kuɗin mota daga Maraɗi ta Jibiya har Legas a wuyanka yake, zuwa da komawa. Kusan kowannensu zai nemi kafin alƙalami ya bar wa iyali kafin ya taso. Ga abinci sau uku, ga ɗaki da tabarma da gidan sauro, kuma ka san sauron fadamar Ojo. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da mutum, ka sayi magani, aiki kuma ya tsaya.

Abin da ya fi haddasa rigima shi ne canji. Mutumin Nijar da sefa yake lissafi, domin ita zai aika gida. Tun da naira ta faɗi a 2023 sefa ta yi tsada, a 2024 jika ɗaya, wato sefa dubu, ta haura naira dubu biyu. Ku zauna gaban shaidu ko sarkin Hausawan unguwarku, a rubuta da wane kuɗi za a biya, da ranar biya, da ranar tafiya. Ranar tafiyar nan kada ka yi wasa da ita. Da an shiga Mayu hankalinsa ya koma gonar geronsa, daidai lokacin da daminar Legas ta taso maka da ciyawa.

Wani daga Badagry ya tambaya ko sai da biza. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar damar shigowa ya yi kwana 90 ba biza, kuma Benin da Togo suna ciki. Nijar ta fita ranar 29 ga Janairun 2025, amma ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasar har sai an sanar da wani abu dabam. Wanda zai wuce kwana 90, ka kai shi ofishin Hukumar Shige da Fice a yi masa takardar zama.

Mai tambaya kan mafi ƙarancin albashi: naira 70,000 da aka kafa a 2024 ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma haƙƙin mai gumi yana kanka ko doka ta yi shiru.

Sai wasiƙar da ta ɓata mini rai. Wani daga Ikorodu ya ce yaron aikinsa ɗan Damagaram ya yi feshin maganin ƙwari, ya dawo yana amai da jiri, wa zai biya asibiti?

Kai za ka biya, Malam. Sau nawa zan faɗi maganar nan? Na ga yaro da idona yana dama magani a bokiti da hannu, tsumma ɗaure a hanci, da silifas, rana tsaka, injin feshi na ɗiga masa a gadon baya. Rubutun jikin kwalba Turanci ne, shi kuwa allo ya yi ko Faransanci. Ba wanda ya karanta masa, sai ya auna da murfi, in tsutsa ba ta mutu ba ya ninka. Ka yi asarar magani mai tsada, ka illata ɗan mutane, gobe kuma a yanki ganyen a kai kasuwar Mile 12 yara su ci. Alayyafon da ake yanka cikin wata guda bai kamata ya ga irin wannan guba ba.

Ku koma ga darbejiya, wadda a nan ake kira dogonyaro. A daka busassun 'ya'yanta kamar rabin kilo, a jiƙa a lita 10 ta ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a zuba ɗan sabulu, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye, a maimaita bayan mako. Ba ta kashe tsutsa nan take, tana hana ta ci ne, don haka a fara tun tana ƙarama.

In dole sai maganin kanti, kai za ka auna da kanka, ka sayi safar hannu da takalmin roba da abin rufe hanci, ka kuma jira kwanakin da aka rubuta kafin yanka. Wanda maganin ya buga, a cire masa kaya, a wanke shi da ruwa da sabulu, kada a ɗura masa manja ko madara. A garzaya asibiti, a tafi da kwalbar likita ya gani.