Tambayoyi da Amsoshi: Gwajina ya ce 0.30 bai yi daidai da 0.30 ba

Tambaya: Malam, ina koyon rubuta manhaja da Python. Na rubuta gwaji don in duba ko 0.1 + 0.2 zai ba da 0.3, sai gwajin ya faɗi. Saƙon da na tsara masa ya fito da "0.30 != 0.30", wato 0.30 bai yi daidai da 0.30 ba. Kwamfutar ce ta rikice, ko ni ne ban gane ba?

Amsa: Kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Saƙon ne ya rufe maka ido, kuma kai ka ba shi mayafin, tun da ka ce ya nuna lambobi biyu kacal bayan ɗigo. Cire wannan taƙaitawar ka sake bugawa, za ka ga 0.30000000000000004.

Wannan 4 ɗin da ke can wutsiya ba kuskure ba ne. Kusan duk kwamfutoci suna ajiye lamba mai ɗigo bisa ƙa'idar IEEE 754, wadda ta fito a 1985, da sifili da ɗaya kawai. A wannan tsarin 0.1 ba ta ƙarewa, kamar yadda kashi ɗaya cikin uku ke zama 0.3333 har abada a lissafinmu na yau da kullum. Dole a yanke ta a wani wuri, kuma yankan nan ne ke barin ɗan burbushi. Ana bukatar lambobi har 17 kafin a tabbata an nuna irin wannan lamba ba tare da ɓoye komai ba, kai kuwa biyu ka nuna.

Don haka ba a gwada irin waɗannan lambobi da == (alamar duba daidaito) tsirara. Ana cewa ne "kusa da", a kuma faɗi iyakar kusancin. Idan da pytest, kayan aikin rubuta gwaji na Python, kake aiki, rubuta assert 0.1 + 0.2 == pytest.approx(0.3), gwajin zai wuce. Amma abin da na fi so ka lura da shi shi ne yadda approx ke bayyana kansa. Buga pytest.approx(0.3) ka gani, zai rubuta maka:

0.3 ± 3.0e-07

Wato ana jiran 0.3, an kuma yi sassaucin 0.0000003 sama ko ƙasa. Daga ina wannan adadin ya fito? In ba ka faɗa masa komai ba, approx na ɗaukar kashi ɗaya cikin miliyan na lambar da kake jira. Shi ya sa approx(1.0) ke nuna 1.0 ± 1.0e-06. Ranar da lissafinka ya ba da 0.31, saƙon zai ce assert 0.31 == 0.3 ± 3.0e-07, kuma kafin ka buɗe fayil ɗin ma ka san abin da aka samu, abin da ake jira, da girman sassaucin. A ganina duk saƙon gwajin da ya rasa ɗaya daga cikin ukun nan bai gama aikinsa ba, domin wanda zai karanta shi wata shida nan gaba, ko da kai ne, ba zai tuna abin da ke ranka ba a lokacin rubutawa.

Tsohon unittest, kayan gwajin da ke zuwa tare da Python, shi ma ba ya baya sosai: assertAlmostEqual na duba har gurbi 7 bayan ɗigo, kuma in ya faɗi yana ambaton gurbin da kuma bambancin da ya samu. Na fi son na pytest ne saboda ± alama ce da kowa ya sani tun daga makaranta. Ga jerin lambobi kuwa, tun daga pytest 7.0 saƙon kan zo da tebur mai nuna gurbin da aka sami saɓani, abin da aka samu da abin da ake jira, tare da mafi girman bambanci.

Tambaya: Ni kuma math.isclose nake amfani da shi. Me ya sa math.isclose(0.0000000001, 0) ke ba ni False, alhali lambar kusan sifili ce?

Amsa: Domin isclose, wanda ya shigo a Python 3.5, yana auna sassauci ne gwargwadon girman lambobin, kashi ɗaya cikin biliyan, kuma sassaucinsa na kai tsaye, wato abs_tol, wanda bai dogara da girman lambobin ba, sifili ne in ba ka sa ba. Idan ɗaya ɓangaren sifili ne, babu lambar da za ta tsallake sai sifilin kansa. Ƙara abs_tol=1e-9 ka ga ya koma True.

Sai dai ka sani, isclose "e" ko "a'a" kawai yake mayarwa, ba ya tafe da bayanin sassaucin da aka yi amfani da shi. In za ka sa shi cikin gwaji, rubuta saƙonka da kanka, ka sa lambobin biyu da repr, mai nuna lamba a cikakke, ba tare da taƙaitawa ba, ka haɗa da abs_tol ɗin da ka zaɓa. In kuwa lissafin kuɗi kake yi, bar duk wannan, ka koma Decimal, nau'in lamba na Python da ke ajiye irin su 0.1 daidai yadda muke rubuta su.