Fitilar mai a kunne, jarka a but: amsoshin tambayoyinku kan esansi

Saƙonnin wannan mako yawancinsu kan mai ne. Na taƙaita tambayoyin, na kuma cire sunaye.

"Malam, ina da Corolla, ina zaune a unguwar Zariya. Lita biyu ko uku nake sha kowace safiya, fitilar mai kuwa ba ta mutuwa. Cikin shekara guda famfon mai ya lalace sau biyu. Bakanike ya ce laifina ne, ni kuma ina zargin jabun kaya yake sa mini. Wa ke da gaskiya, kuma wane famfo zan saya?"

Malam, jabun kaya na nan a kasuwa ba iyaka, amma a wannan magana bakanikenka ya fi ka gaskiya. Famfon motarka a cikin tanki yake zaune. Ƙaramin inji ne mai aiki da lantarki, kuma esansin da ke ratsa shi ne ke sanyaya shi, shi ne kuma ke sa ya juya ba gogayya. Tankin da aka yi domin ya ɗauki wajen lita 50, ka zuba masa lita biyu, kana faɗawa rami ko kana shan kwana sai man ya gudu gefe guda, famfon ya zuƙi iska. Tukunya ce aka bari bisa wuta ba ruwa. Haɗa wannan da zafin Afrilu da Mayu a Maraɗi, inda ake wuce digiri 40, za ka ga ba abin mamaki a mutuwarsa.

Akwai kuma datti. Famfo daga gindin tanki yake ja kullum, ko tanki na cike ko babu komai, amma in man kaɗan ne, duk yashi da tsatsa da ruwan da suka kwanta suna yawo ne cikin wannan ɗan kaɗan ɗin, sai su toshe rariyar da ke bakinsa. Da damina tankin da ba komai a ciki sai iska yana tara raɓa, ruwan ya gangara ƙasa, in tankin na ƙarfe ne ya ci shi.

Abin da nake so ka lura da shi: mota ba ta ƙara shan mai don tanki na da kwata. Abin da ta saba sha shi za ta sha. Sau ɗaya kawai za ka ji a jikinka. Tun da aka sauko da kuɗin lita daga sefa 540 zuwa 499 a watan Yulin 2024, lita 12 ba ta kai jikka shida cif ba. Zuba ta, ka ɗauka babu ita, ka ci gaba da shan lita biyu-biyunka a kanta. Je ka tambayi kuɗin famfo da kuɗin aiki, ka gwada da jikka shidan.

Batun saye kuma: kwali ba shaida ba ne, har sunan Denso da Bosch ana bugawa a kan jabu. Na asali da aka cire daga wata mota, in an gwada ƙarfin turinsa a gabanka, ya fi sabon da ba ka san asalinsa ba. Kada ka yarda a sa famfo a bar tsohuwar rariya da tsohuwar filta. A sauke tankin a wanke shi, in ba haka ba na uku ma zai bi sawun ƴan'uwansa. In ka fara jin kuka siriri daga ƙarƙashin kujerar baya, ko mota na shaƙewa in ka taka totur, ko tana daɗewa kafin ta tashi, famfon ne ke yi maka sallama.

"Mai ya ƙare mini tsakanin Cadawa da Agye da almuru, da iyali a mota. Na sha wahala kafin ta tashi ko bayan an zuba. Yanzu ina so in riƙa ajiye jarka a but. Wace iri ta dace?"

Alhaji, barka da arziki. Kafin jarka, ga abin da ke faruwa in inji ya mutu ana cikin tafiya, don da yawa ba su sani ba sai ya same su. Sitiyari zai yi nauyi nan take. Birki zai kama da kyau sau ɗaya ko biyu, daga nan ya taurare, sai ka taka da ƙarfin gaske. Don haka kada ka yi ta tattaka birki, kada kuma ka zare makulli mota na tafiya, sitiyari na iya kullewa. Ka kunna fitilun haɗari, ka yi amfani da sauran gudun ka sauka daga kwalta gaba ɗaya. Babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram hanyar manyan motoci ce, ganyen da ake zubawa a titi kuwa ba ya ganuwa da dare. Fitar da iyali daga mota su koma nesa da hanya.

Wahalar tashin da ka sha, iska ce ta cika bututun mai. A motar esansi mai injekta, bayan an zuba, ka murɗa makulli har fitilun allo su kama amma kada ka tayar, ka jira daƙiƙa kaɗan, ka kashe, ka maimaita sau uku ko huɗu. Famfon zai cika layin da kansa. Lita ɗaya ba lallai ta isa ba, musamman in motar ta tsaya a karkace, sai ka nemi uku zuwa biyar. Motar gazuwal ta fi rigima: dole a fitar da iskar, galibi da ɗan famfon hannu da ke kan filta, in ba haka ba batir za ka kashe a banza. Kuma in wani ya ce a buɗe wurin shan iska a tsiyaya esansi don ta tashi da sauri, ka hana. Wuta na iya dawowa ta nan ta kama hannun mai zubawa.

Jarka kuwa, ra'ayina kada ka mayar da ita abokiyar zama. Daga Maraɗi zuwa Damagaram bai kai kilomita 250 ba, garuruwa kuma a jere suke, Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa, Takeita. Tankin da aka cika a Maraɗi ya ishe ka da saura. Mai shiga daji ne, can arewacin Dakwaro ko ƙauyukan da ba gidan mai, yake da hujjar ɗaukar guzuri. Shi ma ba rawayar jarkar man girki ba. Ba domin esansi aka yi ta ba, murfinta ba ya riƙe tururi, ledar da ake liƙawa a bakin ma ba ta hana komai. Ta ƙarfe mai lita 20, mai roba a murfi, ita ce abin saye. Esansi na kumbura wajen kashi 1 cikin 100 duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10, tururinsa kuma ya fi haka takura jarka, don haka a bar sarari a sama. A sauke ta ƙasa kafin a zuba mata mai, a ɗaure ta tsaye, ba a wurin da mutane ke zaune ba. In ka dawo daga tafiya ka juye ta a tanki.

Ƙarancin man da aka yi a watan Maris na 2025 ya koya wa mutane ajiye jarkoki a gida, har a ɗakin kwana. Gidan da ake girki da gawayi, ake kunna turaren wuta, ba wurin ajiye esansi ba ne.

"Jarka ta kife a but ɗin motata, wajen lita uku suka zube. Na sa an wanke, na fesa turare, amma yara na kukan ciwon kai. In sayi wane magani?"

Hajiya, ajiye turaren, kuma kada yaran su sake shiga motar nan sai warin ya fita. Ciwon kan gaskiya ne. Tururin esansi na sa jiri da tashin zuciya, akwai kuma sinadarin benzin a cikinsa, wanda yawan shaƙarsa ke cutar da jini. Na biyu, tururin ne ke kamawa da wuta, ba sai an taɓa ruwan man ba. Ya fi iska nauyi, sai ya kwanta a ƙasa-ƙasa, ya taru a ramin da ake ajiye safayar taya. Sigari ko tartsatsin wayar lantarki da ta kwance ya isa.

Ba maganin saye kike bukata ba, aiki ne. A fitar da komai daga but, har taya da jak. A ɗaga kafet, domin ƙarƙashinsa akwai wani abu mai kama da auduga wanda ke shanye mai, kuma shi ba ya wankuwa. Duk inda ya jiƙe a yanke a jefar. Ƙarfen ƙasa a zuba masa busasshen yashi ko garin katako ya tsotse, a kwashe, sannan a wanke da ruwa da sabulun wanke kwanuka. Kafet ɗin a wanke shi a waje, a shanya a sarari nesa da murhu. In bayan wanki biyu yana wari, a saya wani, ya fi arha bisa asibiti. Kada a yi amfani da injin tsotsar ƙura mai lantarki a kan man da bai bushe ba. A bar ƙofofi da but a buɗe a inuwa, inda iska ke kaɗawa, na wasu kwanaki. A sa bakanike ya duba wayoyin fitilun baya da robar bakin but, don esansi na kumbura roba ya lalata ta.

Abu ɗaya da zan ce ki saya shi ne ƙaramar tukunyar kashe gobara mai hoda, a ajiye ta inda hannu ke kai, ba can ƙarƙashin kaya ba. Wutar esansi ba a zuba mata ruwa, bisa ruwan take hawa ta bazu. In ba tukunyar, yashi.

"Ƙasan murfin tankina fenti ya dusashe, akwai zane kamar sawun hawaye. In sake fenti ne?"

Kada ka yi saurin kai ta wurin mai fenti. Ɗigon esansi ba ya cin fentin kamfani nan take. Abin da yake yi shi ne wanke man ƙyalli da ke sama, in kuma aka bar shi ya bushe a rana yau da gobe, sai ya bar tabo. Fentin da aka sake a gareji shi ne ya fi saurin laushi. A wanke wurin da ruwa da sabulu, a goge da man goge fenti, sau da yawa ke nan. Sai in farce na kamuwa a wurin, ko fentin ya fara ɓarewa, za a yi maganar fesawa, shi ma wannan gefen kaɗai. Nan gaba in mai ya zuba, ka kwara ruwa. Tsumman da yaro ke gogawa a bushe, da ƙurar hunturu a jikinsa, ya fi man kansa ɓarna. Ka kiyaye fitilu ma, robarsu na tsattsagewa in esansi ya zauna mata.

Asalin abin shi ne "ƙara kaɗan, cika har baki". In bakin famfon gidan mai ya tsaya da kansa, an gama. Girgiza mota don a tura wani rabin lita na iya tura mai cikin gwangwanin gawayin da ke kama tururin tanki, ya jiƙa shi, daga nan wari da wahalar tashi.

"Ruwa-ruwa ko gidan mai?"

Ruwa-ruwa shi ne man da ake sayarwa a kwalba a bakin titi. A da, aljihu ke ba da amsar. Man Najeriya mai tallafi na shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, kwalba a bakin titi ta fi arha nesa ba kusa ba. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin ranar 29 ga Mayun 2023, wannan rata ta rufe, jama'a suka koma kan man matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Yanzu abin da ɗan ruwa-ruwa ke sayar maka shi ne kusanci: yana nan da tsakar dare, yana nan a ƙauye, yana nan ranar da layi ya yi tsawo.

Ba na zagin sana'ar kowa, da yawansu mai tsabta suke sayarwa. Amma mai mota mai injekta ya riƙe gidan mai ɗaya da ya yarda da shi, kwalba ta zama ta ranar larura. Babur mai kafireto ya fi jure datti, gyaransa ma ba tsada. In za ka sha na kwalba, ɗaga ta a haske. Ruwa ya fi esansi nauyi, za ka gan shi kwance a gindi. A tace da kyalle mai tsabta, a bar ɗigon ƙarshe a kwalbar. In bayan ka sha inji ya fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa lokacin da ka taka, akwai yiwuwar an gauraya da kananzir, kada ka koma wurin.

"Ni ɗan kabu-kabu ne. Na zuƙo mai da tiyo daga babur ɗin abokina, na haɗiye kaɗan. An ba ni madara, an ce in yi amai."

Ƙanena, aman nan shi ne abin da ba a so. Haɗarin esansi ba a ciki yake ba, a huhu yake, kuma amai ne ke mayar da shi can. Madara da manja ba sa kashe shi. Ka kurkure baki, ka canza rigar da ta jiƙe, ka wanke fata da sabulu. In kana tari, ko numfashi na yi maka wuya, ko zazzaɓi ya zo ko da bayan wasu awanni ne, tafi asibiti yanzu ka gaya musu abin da ka sha. Babur mai kafireto ma ba ya bukatar baki: rufe makunnin mai, zare tiyon da ke zuwa kafireto, sa shi a kwalba, ka buɗe. Ka bari inji ya huce tukuna.