Amsa ga Malam a Kano: yadda Hausawan Landan ke karɓar fim mai jan ƙafa

Malam, bayan gaisuwa mai yawa. Ka tambaya me ke zaunar da mutanenmu kusan awa biyu gaban fim ɗin da babu waƙa, babu rawa, babu kishiya, mutum yana son wadda hankalinta ke wani wuri, har a tashi ba a ɗaura aure ba. Ba kowa ke zama ba. Duk lokacin da muka haska irin wannan fim a zauren taro, jama'a kan rabu.

Akwai waɗanda suka taso da kallo a sinimomin Marhaba da Plaza na Kano, inda ake yi wa jarumi magana kamar yana ji. Su ne ke fara gundura, galibi kafin minti 20. Ga abin da ke kan allo: mutum ya dawo daga aiki, ya ɗora butar shayi, ya ɗauko kofi ɗaya, ya rubuta wa yarinyar saƙo a waya, ya goge. Kyamara ba ta motsa ba, ba wanda ya ce uffan. Nan za ka ji wata Hajiya ta ce, "To ka faɗa mata mana, bawan Allah!" sai zaure ya ɗauki dariya. In ya sake gogewa karo na uku, masu dariyar sun ragu. Dattawa kuwa tambayarsu irin taka ce: ina danginsa, me ya hana shi tura magabata? Hukuncinsu gajere ne, son maso wani ƙoshin wahala.

Waɗanda ba sa motsi a kujera su ne muka fi damuwa da su, kuma yawansu ya ƙaru. Tun Janairun 2024 yawancin ɗaliban da ke zuwa Birtaniya ba su da izinin taho da iyali, daga Maris na shekarar aka hana sababbin masu aikin kula da tsofaffi ma taho da nasu. Mai aikin dare na awa 12, da ke haya a ɗaki ɗaya cikin gidan da bai san sunan maƙwabcinsa ba, ba ya bukatar a yi masa bayanin kofi ɗayan nan. A Kano ko ba ka so za a leƙo ka, almajiri zai yi sallama, majalisa na ƙofar gida. A nan mutum kan wuni bai ji muryarsa ba. Su kansu masu ƙasar sun san da matsalar, har suka naɗa minista mai kula da kaɗaici, Tracey Crouch, a Janairun 2018.

Shirin haskawa yana da ƙa'ida, in an kuskure fim ɗin ya mutu. Mutum biyu, mace da namiji, su fara kallonsa tun daga farko har ƙarshe. Lambar shekarun masu kallo da hukumar tace finafinai ta Birtaniya, BBFC, ta ba shi, 12A ko 15, ba ta wadatar ba, domin ma'auninsu na kunya ba namu ba ne. Sumba ɗaya a gaban suruki ta isa ta watsa taro. Sai lasisin nunawa a bainar jama'a, wanda ake nema ko da ba a karɓi kuɗin shiga ba.

Lokaci shi ne babban tarko. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, saboda haka ƙarfe 6 an riga an yi Isha'i. A Yuni Magariba na wuce ƙarfe 9, sai a fara bayan La'asar a gama kafin kiran salla. Wahalar tana watannin tsakiya, lokacin da Magariba ke faɗowa a tsakiyar fim. Fim mai waƙoƙi yana jure hutu. Wannan ba ya jurewa, domin duk abin da ya tara a zuciyar mai kallo yana zubewa a layin alwala. Gara a jinkirta farawa.

Abinci sai an gama. Ƙarar cokali da faranti tana cinye abin da mai fim ya ɓoye a sauti: tafasar ruwa, gurnanin firij, makulli a ƙofa. Shi ya sa sifika mai kyau ta fi majigi mai tsada muhimmanci, kuma zaure mai labule ya fi mai amsa kuwwa. Yara a ba su ɗaki daban da mai kula da su. Iyayenmu da ba sa bin rubutun ƙasan allo da sauri, a yi musu bayanin minti 5 da Hausa kafin a kashe fitila, a gaya musu tun farko cewa ba za a yi waƙa ba, amma kada a faɗi ƙarshe. Mai fassara da baki ana cikin kallo ɓarna yake yi, ko da niyyarsa kirki ce.

Bayan an kunna fitila ba wanda zai ce "ni ne". Za ka ji "na san wani a Manchester da haka ta same shi". Mai jagorantar hira kada ya tona, ya karɓa a yadda aka ba shi. Mata sun fi sakin jiki idan aka ba su minti 15 su kaɗai, kuma a nan ake jin wadda ke kare yarinyar fim ɗin, tana cewa rashin so ba laifi ba ne tun da ba ta yaudare shi ba. Maza da yawa ba sa yarda da wannan, gardamar kan kai har bakin mota.

Wanda aka lura ya yi tsit ya sulale da wuri, ba a bin sa a gaban mutane. Wani sa'ansa ne zai kira shi washegari, ya gayyace shi tuwon Lahadi, ba tare da ya ambaci fim ɗin ba.