Tambayoyinku: Gara a silin, gari a ƙarƙashin gado

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara uku da tarewarmu a sabon gida, sai ga hanyar gara ta bi bango har cikin silin. Na kankare, na fesa fiya-fiya, bayan mako biyu ta dawo. Mene ne mafita? Daga wani magidanci a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Garar da ka kashe 'yan aike ne kawai. Uwar tana ƙarƙashin ƙasa tana ta zuba ƙwai, kuma ba dole ka ga suri a tsakar gida ba. Gara ba ta jure bushewa, shi ya sa take gina wannan hanyar ta laka tana bi ta ciki. Fiya-fiya kuwa tashi yake a iska cikin ɗan lokaci, ga shi da haɗari a ɗakin kwana.

Kafin ka sayi magani, bi hanyar har inda ta fito. Yawanci tsagewar daɓe ce, ko wurin da bututun ruwa ya ratsa siminti, ko guntayen katakon da magina suka binne a harsashin gini. Gyara duk famfon da ke yoyo, ka kawar da itacen girki da kwalaye daga jikin bango.

Sannan a haƙa ɗan rami zagaye da ginin, a jikin bango, faɗi da zurfi kamar santimita 15. A nemi maganin gara mai sinadarin fipronil ko imidacloprid a shagon magungunan gona, a haɗa shi da ruwa daidai yadda takardar jikin kwalbar ta ce, a zuba kimanin lita 5 a kowace mita, a jiƙa ƙasar da aka tono kafin a mayar. Inda aka yi daɓe, a huda shi duk bayan santimita 30, a ɗura, a toshe da siminti. Waɗannan magunguna ba sa kashewa nan take. Gara na shiga ƙasar ba ta sani ba, ta kwasa ta kai wa 'yan uwanta. Don haka a ba shi makonni. Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin giɓi: mita ɗaya aka tsallake, ta nan za ta bi. Kada a zuba ana ruwan sama ko kusa da rijiya, kuma mai aikin ya sa safar hannu da takunkumi. Maganin ƙwarin nan Gamalin dai an haramta shi, kada wani ya sayar maka.

A ƙarshe kafinta ya hau ya ƙwanƙwasa katakon rufin. Wanda ya yi ƙarar holoƙo an cinye cikinsa, baƙin mai ba zai ceto shi ba, sai canji. Sabon a shafe shi da maganin kare katako na Solignum, musamman bakin da aka yanka da zarto.

Tambaya: Kullum ina share wani gari mai laushi a ƙarƙashin gadona, ga ƙananan huji a jikin katakon. Gara ce? Daga wata uwargida a Maraɗi.

Amsa: Ba gara ba ce, Hajiya, gara ba ta barin gari. Wani ƙaramin ƙwaro ne ke yin ƙwai a jikin katako, tsutsarsa ta yi watanni tana cin farin ɓangaren itacen, ta girma ta hudo waje, hujin bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba. Ya fi kama katako mai taushi irin obece. A kwance gadon, a naɗe shi da baƙar leda, a shanya a rana kwana biyu ko uku a lokacin bazara. Idan zafi ya ratsa cikin katakon ya kai maki 55 a ma'aunin Celsius, tsutsa da ƙwai duk sun mutu. A share wurin tas, a sa ido wata guda. In sabon gari ya sake zubowa, a cire wannan katakon a ƙone shi kafin ƙwaron ya koma kan kujeru.