Amsa: Me ya sa Amurka ke shan kashi a Kofin Ryder?

Malam, ka tambayi dalilin da Amurka ke faɗuwa a Kofin Ryder, gasar golf da ake yi tsakanin tawagar Amurka da ta Turai, alhali ita ke da manyan 'yan wasan golf. Sirrin yana cikin wasan bibbiyu, musamman wanda mutum biyu ke buga ƙwallo ɗaya, wannan ya buga, wancan ya karɓa. A nan suna ba ya aiki sai jituwa.

Duba abin da ya faru a Bethpage, New York, a 2025. Kafin ranar Lahadi Turai na da maki 11½, Amurka 4½. Scottie Scheffler na Amurka, na ɗaya a duniya a lokacin, wasa huɗu ya yi da abokin haɗi, duk aka doke shi! Da aka zo ɗaya-da-ɗaya ranar Lahadi Amurkawa suka farfaɗo, har gabana ya faɗi, sai da Shane Lowry na Turai ya zura ƙwallonsa a rami na 18, na ƙarshe, ya tabbatar wa Turai da kofin, na yi ajiyar zuciya. Aka tashi Turai 15, Amurka 13.

Hasashena na 2027 a Adare Manor, ƙasar Ireland? Turai ce dai. Rabon Amurka da cin kofin a Turai tun 1993, ga shi maki 14 kacal ya ishi mai riƙe da kofi, wato Turai. Rory McIlroy ɗan Ireland ta Arewa da Lowry ɗan Ireland kuma tamkar a tsakar gidansu za su buga.