Tambaya da Amsa: Ina Baƙo Zai Ci Abinci a Biranen Asiya Ba Tare da Ya Faɗa Mashaya Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma bana ne karon farko da zan je Guangzhou sarin kaya da kaina. Daga can ina so in biya Kuala Lumpur in duba ɗana da ke karatu, in leƙa Singafo, wataƙila kuma in raka wani abokina Japan inda yake sayo kayan gyaran mota. An ce mini a ƙasashen nan ba a raba gidan abinci da gidan giya, kuma alade yana cikin kowace tukunya, har wasu na ba ni shawarar in ƙunsa kilishi mai yawa in wadatu da shi. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kai ka lafiya, ya sa a dawo da riba. Kilishin dai ka bar shi a gida, domin Sin da Japan duk sun hana matafiyi shiga da nama a jakarsa, ko busasshe ne, kuma a filayen jirgin saman Japan har karnuka ake sakawa su sansano shi, wanda aka kama kuwa yana iya fuskantar tara mai nauyi.

Abin da aka faɗa maka yana da ƙamshin gaskiya a wasu wurare, amma kuskure ne a ɗora shi a kan nahiyar baki ɗaya. A waɗannan ƙasashe kowane irin wurin cin abinci yana da sunansa, kuma sunan ne yake gaya maka ko don abinci aka kafa wurin ko don sha, da kuma su wane ne masu girkin. Wanda ya riƙe sunaye biyar ko shida ya fi wanda ya kulle kansa a ɗakin otal da biredi da madarar gwangwani samun natsuwa, kuma ina jin takaicin ganin 'yan kasuwarmu suna dawowa a rame daga biranen da abincin halal yake a bakin ƙofarsu.

A Guangzhou haruffa biyu za ka haddace da ido, wato 清真, waɗanda ake furtawa "cing-jen", kuma su ne alamar abincin Musulmi a duk faɗin Sin. Za ka fi ganinsu a koren allo a saman ƙananan shagunan taliyar Lanzhou, waɗanda akasari Musulmin ƙabilun Hui da Salar daga lardunan Qinghai da Gansu ne suke riƙe da su, mazan da farar hula, matan da ɗankwali. A gabanka ake jan ƙullun da hannu har ya zama siraran zare, a jefa shi a tafasasshen ruwa, a zuba masa romon naman shanu da man barkono, kuma yana cikin abinci mafi araha da za ka samu a birnin. Kada ka tsaya neman rubutun Larabci, domin a shekarun baya-bayan nan hukumomi sun sa an cire shi daga alluna da yawa, haruffan Sinancin ne suka rage. A unguwar Xiaobei, inda 'yan kasuwar Afirka suka daɗe suna sauka, za ka tarar da gidajen abincin Uigur, wato Musulmin yankin Xinjiang na yammacin Sin, da na Turkawa da na Larabawa. Na Uigur ne za su fi kwanta maka a baki, saboda suna da tsiren rago, da wata gurasa da suke gasawa a tanderu, da dafa-dukan shinkafa da karas da naman rago. Sai dai ka sani cewa wasu daga cikin waɗannan gidaje, musamman manyan da masu gashin dare, suna sayar da giyar kwalba duk da alamar da ke ƙofarsu, don haka ka dubi firjin da teburan kafin ka zauna.

Inda baƙo ya fi yin tuntuɓe shi ne gidajen abincin mutanen garin. A takardar abincin Sinawa, idan aka rubuta "nama" kawai ba a ambaci dabbar ba, to alade ake nufi. Ganyen da ka ɗauka ba ruwansa da nama ana iya soya shi da kitsen alade ko a barbaɗa masa niƙaƙƙen namansa, kifin kuma sau da yawa da giyar shinkafa ta Shaoxing ake kashe masa ƙarni. Kwalbar da ke kan tebur kowa yana ganinta, amma abin da ke cikin tukunya sai an tambaya.

Da ka sauka Kuala Lumpur hankalinka zai kwanta, kuma na tabbata ɗanka zai fara kai ka wurin da ake kira mamak. Musulmi 'yan asalin kudancin Indiya ne suke gudanar da waɗannan wurare, sunan ma daga kalmar Tamil ta "kawu" ya samo asali. Abu mafi kusa da shi a wurinmu shi ne teburin mai shayi, sai dai nasu ya girma ya zama gidan abinci mai kujerun roba har bakin titi, kuma da yawansu ba sa rufewa dare da rana. Aikin da mashaya take yi a wasu ƙasashe, wato tara abokai hira da kallon ƙwallo bayan an tashi aiki, a Malesiya mamak ne yake yin sa, da kofin shayi a maimakon barasa, kuma a nan za ka ga Bamalaye da Basine da Ba'indiye a teburi ɗaya. Shayinsu sunansa teh tarik, ma'ana shayin da aka ja, domin mai haɗawar yakan riƙa tsiyaya shi daga kofi zuwa kofi daga sama har ya yi kumfa, kamar yadda masu shayinmu suke shiƙa nasu. Ka haɗa shi da roti canai, wata lallausar gurasa mai falle-falle da ake soyawa a faffaɗan kasko a ci da miyar wake ko ta kori. Idan yunwa ta yi ƙarfi ka nemi nasi kandar, wanda asalinsa daga Penang ne, wato farar shinkafa da ake kwarara wa miya iri-iri a lokaci guda, kai kuma ka nuna naman ko kifin da kake so.

Akwai kuma kopitiam, tsohon gidan kofi na Sinawan Malesiya da Singafo, kuma a nan ne ake bukatar lura, domin na gargajiyar suna dafa alade, ko da yake wasu na zamani sun karɓi shaidar halal. Hukumar JAKIM ce take ba da wannan shaida a Malesiya, kuma allon da aka rubuta "ba alade, ba kitsensa" mai shago ne ya rubuta da kansa, bai kai matsayin takardar hukuma ba. Kalmar alade a yaren Malay ita ce babi. Kada kuma sunan bak kut teh ya ruɗe ka don ka ji teh a ƙarshensa, farfesun haƙarƙarin alade ne.

A Singafo abincin talaka da na attajiri duk a cibiyoyin masu rumfa yake. Gwamnati ce ta kwashe masu sayar da abinci daga bakin titi tun daga shekarun 1970 ta tara su ƙarƙashin rufi ɗaya mai ruwan famfo da wurin wanke-wanke, yau cibiyoyin sun haura ɗari, kuma a watan Disamba na 2020 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada cikin jerin gadon al'adun duniya. A cibiya ɗaya za ka ga rumfar Musulmi kusa da mai gasa alade da mai sayar da giya, kujerun kuma na kowa ne, saboda haka rumfar za ka zaɓa, ka duba takardar halal ta MUIS, hukumar harkokin Musulunci ta Singafo, a jikinta. Kasuwar Geylang Serai da cibiyar Tekka suna da rumfunan Musulmi da yawa. Idan ka ga ƙunshin takardar goge hannu a kan tebur, wani ne ya kama wurin ya tafi bin layi, ba a taɓawa. In ka gama, doka ce tun 2021 ka mayar da farantinka da kanka, kuma wurin ajiye kwanukan halal daban yake da na sauran.

Japan ce ƙasar da maganar abokanka ta fi kusa da gaskiya. Wurin da ma'aikata suke cika da yamma shi ne izakaya, wanda sau da yawa ake ganewa da jar fitilar takarda a ƙofa. Sunan ya fito ne daga shagon sayar da giyar shinkafa mai suna "sake", wanda aka yarda mutum ya zauna ya sha a ciki, don haka mashaya ce da ake ba da ƙananan farantan abinci, komai kyan girkinta. Da ka zauna za a kawo maka ɗan abin taɓawa da ba ka nema ba, sunansa otoshi, kuma kuɗinsa yana cikin lissafi a matsayin kuɗin kujera. Idan abokan cinikin abokinka suka gayyace ku can, wanda al'adarsu ce wajen ƙulla hulɗa, ba abin kunya ba ne mutum ya ce ba ya sha ya nemi shayin oolong. Hukuncin zama a irin wurin kuwa na malamai ne, kuma ya kyautu ka tambaya tun kana gida. A ganina ya fi sauƙi ku nemi a mayar da ganawar ta zama ta abincin rana.

Ko a wajen izakaya, girkin Japan ya dogara da mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi, da kuma giyar "sake", ana zuba su a miya da romo da ruwan da ake shafa wa gashi. Taliyar ramen da ta yi suna a duniya galibi da romon ƙashin alade ake yin ta ko a ɗora mata yankansa, musamman wadda ake kira tonkotsu. Mafita ita ce kifin da aka gasa da gishiri kawai, wanda suke kira shioyaki, da farar shinkafa, da dafaffen ɗanyen waken suya. In kuna Tokyo, ku hau jirgin ƙasa zuwa Shin-Okubo, inda akwai wani lungu kusa da tashar mai shagunan nama da kayan yaji na halal da ƙananan gidajen abincin mutanen Kudancin Asiya. Idan an kawo lissafi ka biya abin da aka rubuta daidai, domin a Japan ba a bar wa mai hidima tukuici, kuma idan ka bar canji a kan tebur yana iya biyo ka da shi har titi.